Kafin a Sauya Roba, a Nemo Abin da ya Kashe Ta

Laccar da aka gabatar a garin Illela, Jihar Sakkwato



Shugaban taro, iyayen ƙasa da malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Shugabannin makanikai da na direbobi, 'yan kasuwar kayan gyara, masu gyaran firji da janareto, manoman rani, iyayenmu mata, da 'yan uwanmu da suka tsallako daga Birnin Ƙonni, barkanku da zuwa, sannunku da zama. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro bisa damar da suka ba ni, ina kuma gode muku da kuka rufe gareji da shaguna kuka zo.

An ce in yi magana a kan roba. Ba robar taya ba, ba kuma ta ɗibar ruwa ba. Ina nufin 'yan ƙananan robobin da ke tsare mai da ruwa da iska a inda aka ajiye su: sil ɗin injin, zoben roba, robar birki, robar murfin lagireto, robar ƙofar firji, da 'yar robar nan ta bakin tukunyar gas. Na san wani yana cewa a ransa, yanzu a tara dattawa da rana tsaka a kan abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba? To, a yi mini haƙuri zuwa ƙarshe. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce, sauran duk hujjoji ne. Roba ba ta mutuwa haka siddan. Duk robar da ta fara yoyo akwai abin da ya kashe ta, kuma wanda ya cire ta ya sa sabuwa bai nemo wannan abin ba, ya sayi yoyo na biyu da kuɗinsa, ranar zuwansa ce kawai bai sani ba. Zan kawo batutuwa shida.

Na ɗaya: aikin da roba ke yi

Ƙarfe biyu, komai sulɓin da aka yi musu a masana'anta, idan aka haɗa fuskokinsu akwai 'yan kafofin da ido ba ya gani, amma mai da ruwa suna bi ta cikinsu. Shi ya sa ake sa roba a tsakani a matse ta. Da ta matsu sai ta cike kafofin, ta kuma riƙa ƙoƙarin komawa siffarta ta asali. Wannan turawar da take yi wa ƙarfe ta kowane ɓangare ita ce toshewar. Ranar da ta gaji ta daina turawa, aikinta ya ƙare, ko da ba ta tsage ba, ko da ido na ganinta garau. Ku riƙe wannan, domin kusan duk abin da zan faɗa a kansa ya tsaya.

Ƙaron itacen roba, irin wanda ake nomawa a Edo da Delta da Kuros Riba, idan ɗanye ne yakan yi danƙo da zafi, ya sandare da sanyi. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa idan aka dafa shi da farar wuta yana riƙe siffarsa, ya kuma karɓi takardar mallakar fasahar a 1844. Amma yawancin robobin toshiya na yau haɗin masana'anta ne, kuma kowane iri da abin da yake jurewa. Akwai naitiril, wadda ake yi wa alamar NBR; ta saba da baƙin mai da gas ɗin mota, amma da zafi ya haura digiri 100 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos sai ta fara ƙandarewa. Akwai EPDM, tana jure ruwan zafi da man birki da rana, amma baƙin mai ko fetur ko kananzir na taɓa ta sai ta kumbura ta yi taushi. Akwai Viton, mai tsada, wadda ke jure mai da zafin da ya kai digiri 200. Akwai kuma silikon, mai jure zafi, mai saurin yagewa. Mafi yawansu baƙaƙe ne, girmansu na iya zama ɗaya, a tafin hannu ba ka bambance su. Yanzu wanda ya ɗebo zoben roba daga gwangwanin tarkace ya sa a birki don kawai ya shiga daidai, me ya yi? Ya yi caca ne da ran fasinja.

Na biyu: abubuwan da ke kashe roba a Illela

Na farkonsu zafi. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin tsufan roba kusan sau biyu. Kun fi kowa sanin watan Afrilu da Mayu a ƙasar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Motocin da muke hawa kuwa yawancinsu an ƙera su ne don ƙasashen sanyi, sun yi shekaru a can, sannan suka biyo ta Kwatano suka iso mana da robobin da suka riga suka ci rabin rayuwarsu. Sai mu ɗora musu kayan da suka fi ƙarfinsu, buhunan albasa ko shanun kasuwar Lahadi, mu kama hanyar Gwadabawa da Kware zuwa Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80, da rana tsaka. Ajiya ma tana kashewa. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, motoci nawa suka yi zaman dirshan a rana? Sil ɗin da ya daɗe ba mai a leɓensa bushewa yake yi ya manne da ƙarfe, ranar da aka tayar da injin sai leɓen ya yage.

Na biyu ƙura. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauyukanmu, idan suka haɗu da giris ko mai, sai su zama samfefa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar shaf ta ƙafar gaba idan ta tsage, giris ya fita, yashi ya shiga, ba a daɗewa direba zai fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ya karya kwana. Roba ce ta tsage, amma shaf ɗin gaba ɗaya za a saya. Haka 'yan kabu-kabu: dubi ƙarfen shokozoba na gaba, in ka ga zoben mai ya yi baƙi da ƙura a jikinsa, sil ya tafi, kuma man da ke gangarowa yana iya isa birki.

Na uku ruwan da bai dace da robar ba. A nan ne hannunmu ya fi yawa a cikin laifin. Yaron gareji ya kwance masta ko birkin taya, ya zuba su a kwanon fetur ya wanke fes, ya mayar. Robobin birki kuwa EPDM ne, man birki irin DOT 3 da DOT 4 ba daga dangin fetur yake ba. Bayan 'yan kwanaki robobin sun kumbura, birki ya riƙe taya ko ya nutse. Da man birkin kansa ake wanke kayan birki, ba da fetur ba, ba da kananzir ba. Wani kuma man birkinsa ya ƙare a hanya sai ya ƙara da man sitiyari ko baƙin mai. Wannan ba ƙari ya yi ba, kisa ya yi wa kowace roba da ke cikin layin. Fetur ɗin ma kansa abin lura ne. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, wanda aka yi lodinsa daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma metanol yana cin robobin layin mai. Idan wanda ya biyo ta tashar jiragen ruwa da takardunsa ya iya zuwa a gurɓace, ina ga na galan da kwalba da ake saye a bakin hanya, wanda ba wanda ya san hannu nawa ya ratsa?

Na uku: yadda ake bincike

Kuskuren farko shi ne yanke hukunci daga inda mai ke ɗiga. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma tana tura shi baya. Robar murfin saman injin na iya yoyo, man ya bi bayan injin ya ɗiga daidai mahaɗarsa da giyabos, sai a ce sil ɗin karanshaf na baya ne, a sauke giyabos a yi aikin yini guda, alhali gyaran na mintuna ne a sama. Saboda haka a fara da shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe a duba wuri da launi. Baƙin mai baƙi ne ko ruwan ƙasa. Man giya na motar da ke sauya giya da kanta galibi ja ne. Man difaransha yana da kauri da wari mai ƙarfi. Man birki garai-garai yake, yana kuma ɗaye fenti. Bayan nan a wanke wurin, a bar shi ya bushe, a barbaɗa hoda, a tayar da injin. Layin da mai zai zana a cikin hodar a bi shi sama har inda ya faro. Can ne gizo ke saƙar.

Akwai yoyon da ba ya sauka ƙasa. Idan ka taka birki ka riƙe, ka ji ƙafarka na nutsewa a hankali, ga shi man bai ragu ba, robobin cikin masta ne ke barin mai ya koma baya. Idan mota ta yi hayaƙi shuɗi da sassafe, bayan ɗan lokaci ya ɗauke, robobin kan bawul ne suka ƙandare, mai ya kwana yana zurara cikin injin. Idan tirela ta kwana da iska cike ta wayi gari babu, a saurari huci, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai.

Sai babban aikin, wanda aka fi tsallakewa. Tsohuwar robar da aka cire shaida ce, kuma alƙalin kirki ba ya korar shaida bai saurare ta ba. A goge ta, a kai ta haske, a lanƙwasa ta. Idan ta yi tauri, 'yan tsage-tsage suka buɗe a jikinta, ko ta karye kamar busasshen kara, zafi ne ya kashe ta, sai a tambayi dalilin da injin ke zafi. Idan zobe ne da asalinsa mulmulalle, yanzu ya baje ta fuska biyu, ya gaji ne da matsi da tsufa. Idan ta kumbura ta yi laushi har ba ta komawa raminta, an ba ta ruwan da ba nata ba, kuma sai an zubar da ruwan an wanke layin kafin a sa sabuwa. Idan gefenta ya gutsuttsure, matsi ya yi yawa ko tazarar ƙarafan ta buɗe. Idan yanka ne guda ɗaya mai tsafta, ranar sawa aka ji mata ciwo. Idan sil ne, a dubi leɓensa da siririn sifirin ɗin da ke zagaye da shi ta ciki: leɓen ya cinye ta gefe ɗaya kawai? To shaf ɗin ba ya tafiya daidai. Duk wannan binciken bai kai minti biyar ba. Me ya sa muke wurgar da ita a bola tun tana hannun yaro?

Na huɗu: inda laifin ba na roba ba ne

Sau da yawa robar lafiyarta ƙalau aka kashe ta. Injin yana da ɗan bututun da yake numfashi ta cikinsa, inda hayaƙin da ya kuɓuce wa fistin ke fita. Idan ƙura da dattin mai suka toshe shi, ko ringi ya cinye hayaƙin ya yi yawa, matsi zai taru a ciki ya nemi mafita, kuma mafita mafi sauƙi ita ce leɓen sil. Ka sa sil goma, goman za su yi yoyo. Difaransha da giyabos su ma suna da 'yar kafar numfashi a sama, wadda laka ke toshewa da damina. Cika baƙin mai fiye da alama yana haifar da irin wannan. Sai shaf ɗin kansa: a bi inda leɓen sil ke zama da farce, idan farce ya faɗa wani siririn rami da ya zagaye ƙarfen, sabon sil ba zai kama ba sai an gyara wurin ko an ɗan gusar da mazauninsa. Idan kuma boris ya yi wasa, shaf na rawa, ba robar da za ta iya bin rawar.

Ku dubi murfin lagireto, wanda ba a ɗauke shi bakin komai ba. Robarsa da sifirin ɗinsa su ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Da robar ta tsage, ruwa zai tafasa a digiri 100, ya ƙafe a hankali, injin ya yi zafi, gasket ya ƙone, duk sauran robobin injin kuma su tsufa a yini ɗaya. Sai a sauya gasket da kuɗi masu yawa, a mayar da tsohon murfin nan a kansa. Ina amfanin baɗi ba rai?

Hannun mai sawa shi ma yana kisa. Ana buga sil da guduma kai tsaye ya shiga a karkace. Ana zura shi a bushe ba a shafa wa leɓensa mai ba. Ana tura zobe da bakin sukudireba, ko a ja shi ta kan zaren kusa ya yanke. Ana ɗaure noti har sai roba ta tsattsafo ta gefe, wai don kada ta yi yoyo, alhali robar da aka matse fiye da kima ta rasa ƙarfin turawar da muka ce shi ne aikinta. Ana lafta gam ɗin gasket, rarar ta gutsure ta ciki ta je ta toshe rariyar famfon mai. Sil yana da lambobi uku a bayansa, misali 35, 52, 7: kaurin shaf, faɗin mazauni, da kaurin sil ɗin, duk a milimita. Da lamba ake sayensa, ba da “kamar wannan” ba.

Na biyar: cikin gida da fadama

Iyayenmu mata, wannan ɓangaren naku ne. Robar ƙofar firji tana da maganaɗisu a cikinta, shi ke jan ta ta manne. A gwada ta da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na fita ta nan. A bi duk kewayen ƙofar haka, ko a sa tocila mai haske a ciki da dare a duba ko haske na leƙowa. Alamominta su ne ƙanƙara mai taruwa kusa da ƙofa, da injin firji da ba ya hutawa. A garin da wutar lantarki ba ta zama, inda mai sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ke dogaro da janareto ko batirin sola, musamman da azumi, wannan kuɗi ne ke tsiyaya. Amma a nan ma kada a yi gaggawar sauya roba. Sau da yawa ƙofar ce ta sunkuya saboda an cika ta da gorunan ruwa, ko firjin bai zauna daidai a ƙasa ba, ko dattin zaƙi ya bushe a lungunan robar. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a daidaita ƙofa, a sake gwadawa. Kada a shafa mata baƙin mai ko man gyaɗa.

Tukunyar gas ita ce inda kuskure ba ya ba da damar gyara. A bakinta akwai 'yar roba, a tiyonta akwai mahaɗai biyu. Warin da kuke ji da gangan aka zuba shi a cikin gas don ya tona asirin yoyo. Gas ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, kwanciya yake yi a ƙasa, a ɗakin girkin da ba taga yana jiran ashana. Ruwan sabulu ake shafawa, inda ya yi kumfa nan ne. Ba a gwadawa da wuta, ba a kunna makunnin lantarki, ba a naɗe bakin tukunya da leda ko tsinken tsohon tub. A rufe, a fitar da ita waje, a buɗe ƙofofi. Tiyon da ya fara tsagewa idan an lanƙwasa shi, a sauya shi da tiyon da aka yi don gas, ba na ruwa ba.

Manoman rani na Kalmalo da sauran fadamunmu, sil ɗin injin ban ruwa fuska biyu ne masu sulɓi da ke gugar juna, roba da sifirin na tallafe da su, kuma ruwan da injin ke ja shi ke sanyaya su. Tayar da injin babu ruwa a cikinsa na ɗan lokaci kaɗan ya isa ya ƙona shi. Ruwan da ke ɗauke da yashi kuma yana goge shi. A cika injin da ruwa kafin a ja igiya, a ɗaga bakin tiyo daga ƙasan rijiya, a sa masa rariya. Haka famfon tuƙa-tuƙa na unguwa, irin su India Mark II da Afridev: idan aka daɗe ana bugawa kafin ruwa ya zo, robobin ƙasa ne suka cinye. Famfo nawa aka yi watsi da su a ƙauyukanmu, mata da yara suka koma tafiya mai nisa, saboda robar da ba ta cika tafin hannu ba?

Na shida: amsa ga masu ja

Na san akwai masu cewa, Malam, duk wannan dogon Turanci ne, matsalar ita ce kayan yanzu jabu ne. Akwai gaskiya a ciki. Jabu na nan a kasuwa, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, kuma hana shi shigowa aiki ne da ya rataya a wuyan hukumar SON da jami'an kwastam. Amma jabu ya zama bargon da muke lulluɓe kowane kuskure da shi. Idan sil uku daga shaguna uku suka mutu a wuri ɗaya cikin wata biyu, duk ukun ne jabu, ko kuwa akwai abin da ke cinye su? Kuma mai kyau ma yana lalacewa a shago. Ƙa'idar duniya ta ajiyar roba, ISO 2230, ta ce a ajiye ta a wurin da zafinsa bai kai digiri 25 ba, nesa da hasken rana, a cikin ƙunshinta, kuma ko a haka naitiril shekara 7 aka yanka mata. To ina ga wadda ta taso daga Legas ko Nnewi ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ta zo aka rataye ta a ƙusa a ƙofar shagon kwano, rana na dukanta safe da yamma?

Wasu za su ce talaka ba shi da kuɗin mai tsada, tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ta kansa yake yi. Haka ne. Amma ku lura, yawancin abin da na lissafa ba ya cin ko sisi: kwali, hoda, ruwan sabulu, farce, da duban tsohuwar roba. Ban ce a sa Viton a ko'ina ba. A murfin da ake kwancewa da noti huɗu, mai sauƙin kuɗi ta wadatar. A wurin da sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi, kuɗin aiki ya ninka na robar sau da yawa, don haka arha a nan tsada ce. A birki da gas kuwa babu ciniki. Dabarar yanka tub da ɗaurin leda tana iya fitar da mutum daga daji zuwa gari, ban raina ta ba. Laifin shi ne a iso gari a manta da ita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Makanikai kuma za su ce mai mota ba ya jira, yana tsaye a kanka fasinja na ciki, in ka ce za ka bincika sai ya ce kana neman ƙarin kuɗi. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma direbobi ku ji da kyau: wanda ya hana bakanike minti talatin na bincike zai ba shi yini guda a mako mai zuwa. Ku kuma makanikai, ku riƙa nuna wa mai mota tsohuwar robar, ku ce ga abin da ya kashe ta. Wanda ya gani da idonsa ba ya musu.

Sai masu cewa ai ɗan yoyo ba komai ba ne, mun saba, a riƙa ƙara mai kawai, sauran sai abin da Allah ya yi. Malamai na nan, sun fi ni sanin cewa tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Ga kuma abin da ya faru da waɗanda suka fi mu kayan aiki. Ranar 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger na hukumar NASA ta Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa daga Florida, mutum 7 da ke ciki duk suka mutu. Bincike ya gano zoben roba ne a mahaɗar ɗaya daga cikin rokokinsa. Sanyin safiyar ya sandarar da shi, ya kasa turawa, wuta ta sami hanya. Masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara a gaban kwamitin bincike, kowa ya ga ta kasa komawa siffarta. Su sanyi ya kashe tasu, mu zafi ke kashe tamu. Abin da ya fi dacewa da mu a labarin shi ne, an sha ganin alamun ƙuna a irin waɗannan zobban a tafiye-tafiyen baya, injiniyoyi kuma sun yi gargaɗi a daren da ya gabaci tashin, amma da yake ba abin da ya taɓa faruwa, sai aka saba. Sabo da yoyo shi ne haɗarin.

Kammalawa

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Masu gareji, ku sa wa yaranku doka: ba a jefar da tsohuwar roba sai maigida ya gani, ba a wanke kayan birki da fetur. 'Yan kasuwa, ku sauke robobi daga rana, ku bar su a ƙunshinsu, ku san irin da kuke sayarwa da inda ya dace da shi. Direbobi, ku leƙa ƙarƙashin mota kowace safiya kafin lodi. Masu gida, takarda ga firji, ruwan sabulu ga gas. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024, daga nan Illela ta faro. Idan Allah ya sa ta kammala, motocin da za su riƙa tsayawa a garin nan za su ƙaru, kuma direba yakan koma ne garejin da ya yi masa gyara sau ɗaya ya zauna.

 Na san a cikinku akwai waɗanda hannunsu ya shekara talatin a cikin baƙin mai, kuma suna da abin da za su ƙara ko su yi ja a kansa. Fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗi sana'arsa da irin motar ko injin da yake magana a kai, sai mu duba tare. Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu.